Kaske da bot ɗin lebura, aljihun wa ya kamata su fito?

Jama'ar Damagaram dan Allah mu tsaya mu yi wannan maganar yau. Ko'ina ka waiga a garin nan gini ake, bakin titi, bayan jami'a, hanyar Mirriah, hanyar Tanout, musamman tun bayan ruwan 2024 da ya rusa gidaje har da tsohon masallacin Birni, gwamnati ta rage kuɗin siminti kowa ya taso da gininsa. Madalla, Allah ya ƙara buɗi. Amma ka leƙa shantiyen ka ga masu aikin, yaro a saman bene da silifas, kai babu komai, yana tsaye kan katako guda ɗaya da aka ɗaure da waya, na ƙasa na jefo mishi bulo yana cafewa, wani kuma ya shiga cikin kwaɓaɓɓen siminti da ƙafa tsirara har idon sawu.

In ka yi magana amsar mai gini ɗaya ce, wai su ne ba sa so, ko ka ba su kaske, wato hular kwano, da bot ba za su saka ba. Ni wannan amsar ce ta dame ni, don a ganina hanyar zillewa ce kawai. Yaushe ka ba su har suka ƙi? Ƴaƴan garin nan ne fa ke aiki a SORAZ, matatar man fetur, tun da aka buɗe ta a 2011, can ba mai gardamar kaske da takalmi saboda in babu su ba ka shiga wurin aiki. Jininsu ɗaya da na cikin gari, ranar da ke dukansu ɗaya. Can mai ba da aikin ne ya saya kuma ya tilasta, shi ke nan bambancin.

Maganar zafi gaskiya ce, ba na musu. A watan Afirilu da Mayu zafin garin nan ya kan wuce 40, bot ɗin roba a wannan lokacin azaba ne, gumi ya cika shi ƙafa ta dahu. To sai a duba lokacin aiki, a fara zuba dal, wato kankare, da asuba, a huta da tsakar rana, a ajiye ruwan sha a inuwa. Zafi bai zama hujjar barin mutum ya taka ƙusa mai tsatsa ba, kuma nawa ne cikinsu suka yi allurar tetanos?

Shi siminti mutane sun ɗauke shi kamar laka, alhali yana cin fata. Jiƙaƙƙen siminti yana ƙuna a hankali, lokacin aikin ba za ka ji ba, sai dare hannu ya fara raɗaɗi, daga baya ya tsage ya yi gyambo. Ku dubi tafin hannun duk wani tsohon maso. Ƙurar kuma ta fi muni don ita ba a ganin ɓarnarta da wuri, mai sauke buhu mai kilo 50 daga babbar mota yini guda, mai yanka karon daɓe da inji, matan da ke fasa dutse a bayan gari su sayar da tsakuwa, duk suna shaƙar ta, kuma ƙurar dutse in ta zauna a huhu ba ta fita, sai bayan shekaru tari da haki su taso a ce ai sanyi ne ya kama shi. Rawanin da suke naɗewa a hanci ba ya tare ƙananan ƙwayoyinta. Ban ma zo kan masu walda da ke saka tabarau na gayu su kwana ido na zubar da ruwa ba, ko mai ɗaga rodi kusa da wayar kuran.

Doka akwai ta. Dokar aiki ta 2012 ta ɗora wa mai ba da aiki nauyin kare rai da lafiyar ma'aikacinsa, CNSS kuma, wato hukumar inshorar ma'aikata, tana ɗaukar nauyin wanda ya yi haɗari a bakin aiki, amma fa wanda aka yi wa rajista. Leburan da aka ɗauko da safe a bakin hanya aka sallame shi da yamma, wace takarda gare shi? In ya faɗo sai a sa shi a adaidaita a kai babban asibiti ko wurin mai ɗori, mai gida ya miƙa jika biyar ya ce Allah ya sawwaƙe, ƙaddara ce. Mun yi imani da ƙaddara, amma Alhaji da kake faɗin haka ai ka sa mai gadi yana kwana kan rodinka da simintinka, ba ka bar su ga ƙaddara ba.

Shi ya sa ni ba lebura nake tuhuma ba, wanda abin da ya samu yau shi ne tuwon gidansu na dare ba zai cire ya sayi safar hannu ba. Mai gini da ɗan kwangila nake nufi. Lokacin da ake lissafin yashi da tsakuwa da rodi a saka kaske da bot da safar hannu da abin rufe hanci a ciki, kuɗin wasu buhunan siminti ne kaɗan, kuma kaske in an gama sai a kai wani shantiyen. Ku kuma manyan maso da ke ɗauko yaran, ku fara sakawa da kanku, yaro ba zai saka abin da ubangidansa ke yi wa dariya ba.