Saitin taimin kawai na je yi, aka kira motata akwala

Jiya da hantsi na mayar da Peugeot 504 ɗina gareji, karo na uku cikin wata guda, duk a kan taimin, wato saitin lokacin da wuta ke tashi a cikin injin. Tun ranar da suka canza mini kwantak, ɗan ƙarfen nan da ke buɗewa yana rufewa a cikin distiribita (mai raba wa fulogi wuta), motar ba ta sake lafiya ba. In na murza makulli da safe sai injin ya turje kamar batir ya mutu, in na taka totur a hawa sai ƙwanƙwasa kilin-kilin, allurar zafi kuma tana ta hayewa. Duk wanda ya daɗe da tsohuwar mota ya san ma'anar wannan: wuta tana riga fistin isowa sama fiye da ƙima.

Na yi sallama, na tarar da ogan a kan benci yana latsa waya. Na ce, "Malam, don Allah yau a sa fitilar taimin a duba alamar da ke jikin injin. Kuma a fara auna gibin kwantak, don in gibin ya sauya taimin ma ya sauya."

Bai ɗago kai ba. Ya ce, "Baba, kai ne bakaniken ko ni?"

Na haɗiye. Ya ƙwala wa wani yaro kira, yaron da ko gemu bai fara ba. Yaro ya sassauta ƙusar distiribita, ya murɗa dama, ya murɗa hagu, ya kara kunne, injin ko ɗumi bai yi ba, ya ɗaure. Minti biyu. Na ce ina fitilar? Sai a lokacin ogan ya dube ni, ya kalli motar tun daga fitila har but, ya yi dariya a gaban yaransa.

"Mu kunnenmu ne fitila. Wannan akwalar ai 'yan gwangwan ya kamata ka kai wa. Kawo dubu biyar."

Akwala! Motar da na kai 'ya'yana makaranta da ita, na kai mahaifiyata asibiti tsakar dare. Da furfurata, sa'an ɗan cikina ya tsaya yana mini dariya saboda na roƙi a yi aiki daidai da kuɗina. Wallahi har na iso gida jikina na rawa. Motar kuwa yanzu wutar makara take yi, ba ƙarfi, salansa na harbi, mai na tafiya kamar an huda tanki.

Kuma wane mai? Tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, ba ta kuma waiwayo ba. Gwamnatin da ta sa sabuwar mota ta gagari ma'aikaci, ita ce ta bar makarantun koyon sana'a suka zama kangaye. A Kaduna aka riƙa haɗa irin wannan motar tun 1975, muna da masu gyaran da suka san ta ciki da bai. Ina magadansu? Yau duk wanda ya sayi sifana uku ya kafa rumfa ya zama oga. Ba mai gwada shi, ba mai ba shi shaida, in ya ƙona maka gasket ba inda za ka kai ƙara. Mu ma da laifinmu, muna tura yara gareji don su bar mana gida, ba mu taɓa zuwa mu ga abin da ake koya musu ba.

Na biya dubu biyar ɗin. Gobe da asuba zan tafi Zariya da jarkar ruwa biyu a but.