Hayaƙin Maitama da Hayaƙin Mararraba

Idan aka ɗauke wuta a Maitama ko Asokoro, ba a yin minti ɗaya a duhu. Manyan janaretocin dizal ne ke tashi gida bayan gida, su kwana suna ruri domin na'urar sanyaya ɗaki kada ta tsaya, har a ɗakunan da babu kowa a ciki. Da asuba kuma, can Mararraba da Masaka, mai ƙosai tana fifita gawayi, motocin haya sun fara jeruwa a cunkoson Nyanya, kowacce na tuttuɗo baƙin hayaƙi. Duka biyun hayaƙin Abuja ne. Amma in aka zauna taron sauyin yanayi a wani babban otal, mai gawayin ake kawo wa misali, ita ce ke cinye daji.

A nan nake ganin an karkace. Ana yawan cewa ɗan Najeriya ba ya fitar da ko tan ɗaya na iskar kabon mai ɗumama duniya a shekara, alhali Ba'amurke na fitar da sama da tan goma, kuma nahiyar Afirka gaba ɗaya ba ta kai kashi 4 cikin ɗari na abin da duniya ke fitarwa ba. Gaskiya ne, kuma hujja ce mai ƙarfi a gaban Turawa. Sai dai wannan lissafi na raba daidai ne, kamar a ce mai saniya goma da marar ko akuya kowa na da saniya biyar. Ƙungiyar Oxfam ta nuna a 2023 cewa kashi 1 cikin ɗari na mutanen duniya, wato waɗanda suka fi kowa kuɗi, sun fitar da hayaƙin da ya kai na matalauta biliyan biyar a 2019. Ba a Landan da New York kaɗai waɗannan mutane suke ba. Wasu na nan tare da mu, suna da jerin gwanon motoci da jirgin sama na kansu, suna kuma fakewa a bayan talaucin sauran jama'a idan an zo ƙidaya.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda tazarar da ke tsakanin mai kuɗi da talaka ita kanta ke haifar da hayaƙi. Mai hali a ƙasar nan ya daɗe da yaye kansa daga kayan gwamnati. Ya haƙa rijiyar burtsatse, ya sayi janareto, ya sayi motar da ba ta jin rami. To wa zai matsa a gyara wutar ƙasa, tunda wanda ake jin maganarsa ba ya kwana a duhu? Sai mai aski, mai walda da mai sayar da ruwan sanyi kowa ya nemi ɗan ƙaramin janaretonsa na fetur. Injina dubu-dubu na ƙona mai domin aikin da tashar wuta guda za ta yi da hayaƙi kaɗan. Haka zancen gidaje: kuɗin haya ya kori maigadi, direba da ƙaramin ma'aikaci zuwa Nasarawa da Suleja, kullum sai sun ƙona mai na sa'o'i kafin su iso wurin aikin da ba zai ba su ɗaki a kusa ba. Jirgin ƙasan cikin gari da aka sake buɗewa a 2024 bai bi ta inda yawancinsu ke kwana ba.

Kada a ce ina wanke gawayi. Kirya da kaɗanya da ake sarewa a Neja da Nasarawa ana lodawa a manyan motoci asara ce ta gaske, kuma hayaƙin murhu na cin ƙirjin mata da yara kafin ya kai sararin sama. Amma a tambayi matar me ya mayar da ita kan gawayi. Da yawa sun riga sun sayi tukunyar gas, sun saba da ita. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 da faɗuwar darajar naira, cika babbar tukunya ya haura naira dubu goma, sai tukunyar ta koma ƙarƙashin gado. Shi kansa tallafin, in za a faɗi gaskiya, mai motoci shida ya fi morarsa fiye da mai hawa bas. Da aka cire, mai motoci shida bai ajiye ko ɗaya ba.

Akwai masu cewa idan talaka ya samu, shi ma firji da mota zai saya, hayaƙin ya ƙaru. Zai ƙaru mana, kuma haƙƙinsa ne. Hukumar ƙididdiga ta ce a 2022 mutum miliyan 133 ne ke cikin talauci ta fuskoki daban-daban; babu mai hankalin da zai ce su zauna haka domin a ceci duniya. Firjin da aka jona da wutar dam ɗin Shiroro ko ta hasken rana ba ɗaya yake da wanda ke kan janareto ba, kuma bas ɗaya mai kyau ta fi ƙananan motoci ashirin.

A taron sauyin yanayi na duniya a Glasgow, a 2021, Shugaba Buhari ya yi alƙawarin Najeriya za ta rage hayaƙin da take fitarwa har ya yi daidai da wanda ake cirewa daga iska zuwa shekarar 2060. In da gaske ake, daga sama ya kamata a fara karɓa: haraji mai nauyi a kan jiragen alfarma, manyan motoci da gidajen da aka kulle ba kowa, da tara mai zafi ga kamfanonin da har yau ke ƙona iskar gas a Neja Delta. Kuɗin a zuba su a motocin bas na hanyar Keffi da Kubwa, da rangwamen gas ɗin girki da zai isa hannun mai ƙosai ba tare da ya maƙale a ofis ba. Ambaliyar 2022 ta kashe sama da mutum 600, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu. Da yawansu manoma ne da masunta na bakin kogunan Neja da Binuwai, waɗanda ba su taɓa sayen litar dizal ba.