Gyara saiti ba shi ne daidaita baka ba

Masu harbi da bakan zamani mai tayoyi a kunnuwa sukan ɗauka cewa idan kibiya ta kauce, abin saiti za a murɗa. Abin saiti wurin faɗuwarta kawai yake sauyawa, ba ya hana ta tashi a karkace.

Don ka gane yadda kibiya take tashi, ka harba ta ta ratsa takarda daga nisan mita 2. Kibiyar da ta tashi daidai ƙaramin rami take bari, da alamar fuka-fukanta. Idan gindinta ya yage takardar sama, ka sauko da inda take kama tsarkiya, ko ka ɗaga mazauninta, wato abin da take kwanciya a kai a jikin bakan, kaɗan. Yagewa gefe kuwa sau da yawa taurin kibiyar ne bai dace da ƙarfin bakan ba, wani lokacin ma riƙon maharbin ne. A duba kuma ko tayoyin biyu suna juyawa tare.