Masu estet, ku bari gidan ya sha damina kafin ku kira mu bikin buɗewa

Jama'a kun lura da zarar an shiga watan Nuwamba sai tallan gidajen alfarma ya cika ko'ina a Abuja? Allunan hanyar filin jirgi, Instagram, status ɗin dillalai a WhatsApp, ko'ina dai bidiyo ne da aka ɗauka ta sama da jirgi mara matuƙi, ga koriyar ciyawa ga wurin wanka shuɗi shar, ana cewa a zo Guzape, a zo Katampe, a zo Jahi ranar kaza za a buɗe sayarwa. Ni aikina duba finishin ne a irin waɗannan gine-ginen, daga filasta har zuwa ranar da za a miƙa mukulli, shi ya sa maganar take ci min rai. Ra'ayina a taƙaice shi ne duk gidan da za a sa masa kuɗi miliyan ɗari huɗu ko ɗari biyar ko sama da haka a kira shi na alfarma, bai kamata a buɗe kasuwarsa a matsayin kammalalle ba sai ruwan sama ya dake shi tukuna an ga abin da ya yi.

Ba banza ake zaɓar Disamba ba. Lokacin ne 'yan uwanmu na Ingila da Amurka da Dubai suke dawowa hutu da dala a hannu, kuma lokacin ne ruwa ya ɗauke, hunturu ya busar da komai, babu rufin da zai yi yoyo a gabanka babu bangon da zai jiƙe. Mutum zai zagaya gida da rana tsaka ya ga komai tas, ya biya, ya koma inda ya fito, sai ruwan Yuni da Yuli ya sauka a turo masa hoton silin ɗin falo ya kumbura.

Ban ce masu ginin duk mugaye ba ne, wallahi na san wahalar da suke ciki. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a 2024, kuma kusan duk kayan finishin na irin wannan gida daga waje suke zuwa, tayil na Sifen ko Italiya, ƙofofi na Turkiyya, kan famfo da kayan banɗaki na Jamus ko Sin. Siminti ma da ake yi a gida ya haura dubu goma a farkon 2024. Ga Babban Banki ya kai kuɗin ruwa kashi 27.5 a ƙarshen 2024, to wanda ya ci bashin banki ya yi gini duk watan da ya wuce bai sayar ba ji yake kamar ana yankar naman jikinsa. Na fahimci wannan sarai. Amma mai sayen ba shi ya ci bashin ba, kuma ba a rage masa ko kwabo ba saboda an yi masa aikin gaggawa.

Bari in gaya muku yadda makonnin ƙarshe suke kasancewa a wurin aiki in an riga an buga katin gayyata. Mai filasta yana gama bango yau, jibi mai sikiridin, wato shafen da ke sumulce bango kafin fenti, ya hau, gata mai fenti yana biye da shi, alhali bangon nan ruwa ne fal a cikinsa yana buƙatar makonni ya sha iska, to fentin zai yi kyau ranar biki amma bayan wata uku sai ya fara tasowa yana ɓarewa, farin gishiri yana fitowa daga ƙasan bango. Banɗakin sama kuwa nan ne babbar matsalar. Ƙa'ida ita ce in an shafa maganin hana ruwa a toshe magudana a cika ƙasan da ruwa a bar shi kwana ɗaya ko biyu, a sauka ƙasa a ɗaga kai a duba ko ya zubo, sannan a sa tayil. Haka fayif ɗin ruwa, ana matsa masa iska ko ruwa da famfon gwaji a zuba wa agogon ido a ga ko zai sauka kafin a rufe shi cikin bango. Waɗannan gwaje-gwajen su ake fara yankewa in lokaci ya ƙure, saboda babu wanda zai gan su a bidiyo. Sai ka ji oga yana cewa "injiniya ka bari kawai, a rufe, in ya so daga baya ma gyara", kuma kowa a wurin ya san gyaran daga baya yana nufin a fasa tayil ɗin da aka sayo da dala, sau da yawa ma irinsa ya ƙare a kasuwa.

Akwai wani gida da na shiga dubawa, an gama komai har labule, falon ya yi kyau matuƙa. Na ciro mukullin mota ina ƙwanƙwasa tayil ɗaya bayan ɗaya, irin manyan nan masu santimita 60 da 120, sai na ji kusan rabinsu suna amsawa da ƙarar holoƙo, wato ƙarƙashinsu babu komai sai ɗigon siminti a kusurwa huɗu da tsakiya. Irin wannan tayil ɗin gam ɗinsa na musamman yake so a shafe ƙasa da bayansa gaba ɗaya. Na shiga banɗaki na zuba bokitin ruwa, maimakon ya bi magudana sai ya nufo ƙofar ɗakin kwana. Kuma ban ga laifin mai tayil ɗin sosai ba, yaro ne ɗan Kwatano da ya iya aikinsa, amma da mita ake biyansa kuma an ce masa ya gama hawa biyu kafin Juma'a.

Ga kuma yayin rufin ɓoye da ya cika Abuja yanzu, wanda ake ɗaga bango ya rufe kwano gida ya zama kamar akwati. Yana da kyau a hoto ba ƙarya, amma duk ruwan rufin a cikin kwatar kankare yake taruwa a bayan bangon, in ba a ba ta gangare ba ko fayif ɗin saukar ruwa ya yi ƙanƙanta, ko ganye ya toshe shi, ruwan cikin gida zai dawo. Wannan babu yadda za a yi ka gane shi a Disamba.

Sai maganar gidan nuni, wanda ake gamawa guda ɗaya a ƙawata don masu saye su gani. Ni ba na adawa da shi, dole mutum ya ga abin da zai saya. Inda nake da ja shi ne a sa kan famfo mai tsada da kabad ɗin kicin na katako mai kyau a gidan nuni, sauran gidaje talatin kuma a je kasuwar kayan gini ta Dei-Dei a kwaso mai kama da shi. Ko a zuba ƙananan kujeru da gado don ɗaki ya yi kamar yana da faɗi. Ko hoton kwamfuta ya nuna titi mai kwalta da fitilu har bakin get alhali hanyar jar ƙasa ce da ke zama caɓi da damina, a rubuta minti biyar zuwa Maitama, a ce saura gida uku kacal ku yi sauri. Mu da muke cewa mu musulmi ne mun san hadisin da Annabi (SAW) ya sa hannu cikin tsibin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, ya ce masa me ya hana ka sa shi a sama mutane su gani, wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Bangon da aka san a jiƙe yake aka shafe shi da fenti saboda ranar buɗewa, ina bambancinsa da wannan?

Kuma kada wani ya ɗauka abin ya tsaya a yoyo da fenti. Benen nan mai hawa 21 da ya rufta a titin Gerrard a Ikoyi ta Legas ranar 1 ga Nuwamba 2021 gidan alfarma ne da ake tallarsa da dala tun ana cikin gini, mutum sama da arba'in suka rasu, akasarinsu ma'aikata, har da shi mai ginin. Allah ya jiƙan musulmin ciki ya ba iyalansu haƙuri. Tsadar unguwa da kyan talla ba su tsare kowa ba a ranar.

Ni a ganina mai estet ɗin da ya yarda da aikinsa yana da tallan da ya fi na masu barkwancin Instagram ƙarfi, kuma ya fi araha. Ya ɗauki hoton kowane bango kafin a rufe fayif da waya ya haɗa wa mai saye a fayil. Ya nuna sakamakon gwajin kankare na kwana 28, ya faɗi sunan injiniyan da ya sa hannu da lambarsa ta COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista, ya manna takardar amincewar hukumar kula da gine-gine a ofishin talla, ya ba da lambar fili mutum ya je AGIS, ofishin bayanan filaye na Abuja, da kansa ya bincika. Ya ce wa mai saye kawo injiniyanka ya wuni a gidan, ya buɗe duk famfuna lokaci guda, ya kunna duk AC ya ga ko wuta za ta ɗauka. A rubuta sunan kamfani da samfurin tayil da ƙofa da kayan banɗaki a cikin yarjejeniya baƙi da fari. Mai kuɗin da zai iya biyan rabin biliyan ba yaro ba ne, da yawansu an taɓa cutarsu, in suka ga wannan su da kansu za su kawo abokansu.

A kuma faɗa wa mutane kuɗin sabis tun kafin su sa hannu. Lif da wurin wanka da janareto da masu gadi duk wata suna cin kuɗi, tun Afrilun 2024 da aka kai wutar Band A, wato rukunin da ya fi samun wuta, sama da naira 200 kowane yunit ga dizal, lissafin ya canja gaba ɗaya, amma sai a yi shiru har mutum ya tare sannan a kawo masa takardar miliyoyi a shekara.

In kuma dole sai an buɗe a Disamba saboda banki yana bakin ƙofa, to a buɗe, amma a yi abin da su kansu masu estet suke yi wa 'yan kwangilarsu. Ai suna riƙe kashi biyar na kuɗin ɗan kwangila har wata shida su ga ko wani abu zai lalace. To mai saye ma a bar shi ya riƙe kashi biyar ko goma a hannun lauya har ƙarshen Oktoba, in gida ya wuce damina lafiya a sakar wa mai gini kuɗinsa, in ya yi yoyo a gyara daga cikin kuɗin. Kuma don Allah kafin a biya mai kiɗa da masu ado da masu abincin ranar buɗewa a fara sallamar masu POP da fulamba da leburorin da ke tasowa daga Mpape da Mararraba tun asuba, na sha ganin ana yanka ribon a gaba su kuma suna zaune a bayan katanga suna jiran kuɗin aikin wata biyu.