Kafin ka miƙa wuyanka a murɗa

Jama'a, bidiyon nan da ke yawo a TikTok, inda ake kwantar da mutum a kama kansa a fizge har wuya ya yi ƙaras, yana tayar min da hankali. Abin da ya fi damuna shi ne maganar da ake yi kafin fizgar: "Na ji ƙashinka ya goce." Da me aka ji? Da yatsa kawai.

Gashin ƙashi sana'ata ce, da hannun nan nake neman abinci, don haka ba raina aikin hannu nake yi ba. Amma ka kawo ƙwararru biyu su laluba saman wuyan mutum ɗaya, kowa ya nuna gaɓar da ta ƙage, sau da yawa bakinsu ba ya zuwa ɗaya. Ƙasusuwan wuya biyu na farko, waɗanda ake kira C1 da C2, suna can ƙarƙashin ƙeya, tsoka ta lulluɓe su. A 1988 Gwendolen Jull da abokan aikinta a Ostireliya sun gwada laluben a kan mutum 20, ya yi daidai, aka yi ta murna. Da aka sake gwadawa a 2007 da mutum fiye da 100, sai ga yatsa yana nuna matsala a kusan rabin wuraren da lafiyarsu ƙalau.

Akwai gwajin da na fi yarda da shi. Mutum ya kwanta rigingine, a sunkuyar da kansa gaba sosai, sannan a juya shi dama da hagu a hankali. Kusan rabin waiwayen wuya tsakanin C1 da C2 yake faruwa. Mai lafiya yakan kai wajen digiri 44, idan ya tsaya ƙasa da 32 to akwai magana. Wannan aunawa ake yi, wani ma ya auna ya samu kusan abin da ka samu.

Ƙarar nan kuwa iska ce a cikin ruwan gaɓa, ba ƙashi ne ya koma mazauninsa ba.

Ta gefen ƙasusuwan nan jijiyoyin jini biyu suke bi su hau ƙwaƙwalwa. Tsagewarsu ba kasafai take faruwa ba, amma tana iya jawo shanyewar ɓarin jiki, har ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta ce a 2014 a riƙa sanar da mara lafiya kafin a murɗa. Wani ma jijiyar ta riga ta tsage, ciwon ƙeyar da tsagewar ta jawo ne ya kawo shi wurin mai murɗar.

Shi ya sa nake fara da tambaya. Kana jin jiri? Kana gani biyu-biyu? Harshenka ya yi nauyi? Ciwon kan sabo ne da ba ka taɓa jin irinsa ba? Idan ya amsa ɗaya, ba na taɓa wuyan, sashen gaggawa nake tura shi a ranar.