Ƙudan fitilar da ba ƙuda ba ne, ba shi kuma da fitila

A ƙarshen watan Agusta muna dawowa daga masallaci a nan Filadelfiya, sai ɗana ɗan shekara takwas ya daka tsalle ya take wani ƙwaro a bakin titi. Na ce, "Kai, me ya yi maka?" Ya ce, "Baba, a makaranta aka ce mu riƙa kashe su." Na tsuguna na duba. Tsawonsa kamar gaɓar yatsa, fukafukan sama ruwan toka da ɗige-ɗige baƙi, na ciki ja wur. Gaskiya kyakkyawa ne.

Asalinsa daga Sin yake. A 2014 aka fara ganinsa a Amurka, a gundumar Berks ta jihar Fensilbaniya, yanzu ya bazu jihohi da dama, masu gonakin inabi suna ta kuka da shi. Sunan da Turawa suka sa masa, lanternfly, yana nufin ƙudan fitila, kuma sunan ƙarya ne sau biyu. Ba ƙuda ba ne, ba ya kuma haske. Wata mai zanen ƙwari, Maria Sibylla Merian, ita ta rubuta a 1705 cewa wani ɗan uwansa na ƙasar Suriname yana haske da dare, masana suka ɗauka, sunan ya bi dangin har yau.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yaron ya san sunan ƙwaron, ya san ƙwansa mai kama da busasshen taɓo a jikin itace, ya san 'ya'yansa baƙaƙe ne da ɗigon fari kafin su yi ja. Ni da na tashi a gona ban iya faɗin haka a kan ƙwarin da suka ci mana dawa ba.

Masana sun sa shi cikin babban rukunin da suke kira Fulgoromorpha, mai nau'i fiye da 12,000 a gidaje wajen 20. Dukansu ba sa tauna ganye irin na fara. Baki ne da su kamar allura, su soka a kara su tsotse ruwan. Shi wannan ɗan gidan Fulgoridae ne, gidan manya masu ado. Amma masu mugun aiki ƙanana ne, 'yan gidan Delphacidae, waɗanda ake ganewa da wata ƙaya mai motsi a ƙafar baya. Cikinsu akwai mai ruwan ƙasa da ke shanye shinkafar Asiya har gona ta yi kamar an cinna mata wuta.

Kada wani ya ce Bahaushe bai san ƙwari ba. Mun raba fara da babe, mun raba gyare da tsanya, gara da zago, cinnaka da tururuwa. Har danƙon da masu tsotso ke bari a ganyen dawa muna da sunansa, darɓa, kuma irin wannan danƙon ne ƙwaron nan ke zubarwa a kan motocin maƙwabtana, ya yi baƙi. Sai dai na lura sunayenmu sun fi yawa a wajen abin da muke ci, ko wanda ke cizonmu. Ƙananan nan masu laɓewa a gindin shuka, duk mun tara su cikin kalma ɗaya: ƙwari. Mai shagon magani kuma ya ji "ƙwari", ya miƙo kwalba.

A nan ne nake ganin muna cutar kanmu. Indunusiya ta bi wannan hanyar. Suka yi ta feshi a shinkafa, maganin ya kashe gizo-gizo da sauran masu cin ƙwaron nan mai ruwan ƙasa, ƙwansa kuwa yana cikin kara bai ji komai ba. Aka yi gudun gara aka faɗa gidan zago. A 1986 sai da shugaba Suharto ya hana amfani da magunguna 57 a gonakin shinkafa.

Ba na cewa Amurkawa sun fi mu. Wani lokaci firgicinsu dariya yake ba ni, ƙato guda yana bin ƙwaro da takalmi a tashar jirgin ƙasa, alhali ƙwaron ko cizo ba ya yi. Mu da muke soya fara mu barbaɗa mata yaji ba za mu yi wannan ba. Amma su sun rubuta, sun ɗauki hoto, sun kai aji.

Jiya na kira yayana da ke noman shinkafar rani, ya ce ganyen ya fara yin rawaya. Na ce, "Yaya, mai tauna ne ko mai tsotso?" Ya yi shiru, can ya ce gobe zai buɗa gindin ya duba, ya turo mini hoto ta WhatsApp. Kwalbar dai ya riga ya saya.