Tawaga ta yi yawa, me aka kawo mana?

Malam mai rahoto, ka ce shugabanninmu sun yi rawar gani a tarukan duniya kan yaƙi da talauci. Ni dai daga Mpape nake karantawa, kuma ban gamsu ba.

Najeriya ta taɓa zama teburin ciniki ta taso da abin a zo a gani. A 2005, zamanin Obasanjo, Ngozi Okonjo-Iweala ta jagoranci tattaunawa da ƙungiyar masu ba da bashi ta Paris, aka yafe mana kusan dala biliyan 18, muka biya kimanin biliyan 12. An je da lissafi a hannu, an san abin da ake nema. Kuɗin da aka samu sauƙinsu aka ware wa muradun ƙarni, wato manufofin Majalisar Ɗinkin Duniya na rage talauci, ƙarƙashin ofishin Amina Mohammed, wadda daga baya ta taka rawa wajen tsara muradun ci gaba mai ɗorewa guda 17 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015.

To yanzu fa? Taron sauyin yanayi na Dubai a 2023, sunaye sama da 1,400 aka rubuta da sunan Najeriya. Gwamnati ta ce 422 ne ta ɗauki nauyinsu. Ko 422 ɗin ma ai gayya ce. Alhali a 2022 hukumar ƙididdiga ta ce mutum miliyan 133 na cikin talauci ta fuskoki da dama, ambaliyar shekarar kuma ta ci rai sama da 600.

Don Allah ku koma ku tambayi ma'aikatar muhalli: nawa ya shigo daga asusun asara da ɓarna, wato asusun duniya na tallafa wa ƙasashen da sauyin yanayi ya yi wa illa, kuma wace jiha ta gani?